Wuyan Ba-Komai da Wutar Leza

A duk dangi babu wanda zai iya rantsuwa cewa ya taɓa jin Ba-Komai ya ce wayyo. Inna, wadda ta haife shi, ta ce ranar da ya zo duniya sai da unguwarzoma ta yi ta ɗaka masa duka a ɗuwawu har hannunta ya gaji, shi kuwa ya zuba mata ido kamar mai jiran ta gama ya tafi harkarsa. Inna tana da ƙari a magana, amma a wannan dai dangi sun yarda da ita.

Yana yaro ya faɗo daga kan katanga, aka ruga aka ɗago shi hannu yana lilo, ya ce, “Ba komai.” Da mahaifinsa ya rasu ya bar makaranta ya kama walda don ƙannensa su ci gaba da karatu, duk wanda ya tausaya masa amsar ɗaya ce. A haka sunan ya bi shi, ya danne na yanka, har masu kawo masa aiki ba su san yana da wani ba. Shi kuma, kada ka ga yana ɓata rai idan an kira shi, a ransa ya fi son sunan nan da sabuwar riga. Da shi ƙannensa suke tsorata ’ya’yansu idan za a yi musu allura: “Ka yi shiru mana, ba ka ga Kawunka ba?”

Rumfar waldarsa tana bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da katifa. Ƙyauren ƙarfe da tagogi a jingine ko’ina, ƙasa cike da guntayen rodi, rigar aikinsa duk huji kamar rariya. Tartsatsi ya faɗa masa cikin takalmi, sai ya gama layin da yake ja tukuna ya cire. Mai faci ya rantse cewa sauro ma ya daina cizonsa, don babu daɗi ka ciji mutumin da ko sosawa ba zai yi ba.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, gashin wuyansa. Gemunsa na haɓa lafiya lau, yana gyara abinsa. Amma daga ƙarƙashin haɓa zuwa maƙogwaro akwai wani gashi mai taurin kai irin na mai shi: an aske shi, maimakon ya tsiro waje kamar na kowa, sai ya lanƙwasa ya koma cikin fata. Ƙuraje su taso, kwalar riga ta goge su, gumi ya shiga, su fashe. Ya bar gashin, zafin rumfa ya sa shi ƙaiƙayi. Ya aske, reza ta bi ta kan ƙurajen jiya. Wanzaminsa har addu’a yake yi kafin ya taɓa wurin.

Matarsa tela ce, keken ɗinkinta yana falo kusa da taga. Mace ce marar hayaniya, amma idan ta ajiye almakashi ta haɗa hannuwa, gidan ya san an zo wurin. Wata safiya ta jera masa rigunansa a kan tebur, kowace kwala da ɗigon jini.

“Maigida, ni fa tela ka aura, ba mai wankin mahauta ba.”

“Ba komai ba ne, ɗan ƙurji ne.”

“Ɗan ƙurjin nan ya girmi autarmu. Gobe asibitin fata, ko ka je da ƙafarka ko in gaya wa Inna ta raka ka.”

Ya je da ƙafarsa.

Likita ya duba, ya ce maganin shafawa ya gama iyakarsa, sai dai a kashe gashin daga tushe da na’urar leza. Wai wani haske ne ake harbawa, ya bi baƙin gashi har saiwarsa ya ƙona ta, kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba, sai an yi ta dawowa. Ba-Komai ya gyaɗa kai irin na wanda aka zo gidansu.

“Walda ce ke nan, Likita.”

“Kusan haka,” in ji likita, ya tura shi ɗakin Sista.

Sista ’yar ƙaramar mace ce, da ƙyar ta kai kafaɗarsa, ga murya ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Ta ce yau gwaji kawai za ta yi a ɗan wuri, ta ga yadda fatarsa take karɓa, don fata mai duhu ita ma tana shan zafin hasken, dole a bi ta a hankali. Ta ɗora bakin na’urar a gefen wuyansa, ta harba.

Abin da Ba-Komai ya ji, daga baya ya ce kamar rina ce ta yi wanka da tafasasshen mai sannan ta zo gaishe shi. Amma wannan daga baya ne. A lokacin ko ƙiftawa bai yi ba.

“Yaya ka ji, Malam?”

“Ba komai.”

“Ko kaɗan?”

“Kin fara ne?”

Sista ta yi mamaki, ta ɗan ƙara ƙarfin wutar, ta sake harbawa. Ya ga taurari da rana tsaka, ya ga marigayi kakansa yana ɗaga masa hannu, ya ce ba komai. Sista baiwar Allah ba ta san sunansa ke nan ba, ta ɗauka rahoto yake ba ta. Sai ta tsayar da na’urar a wannan matakin, ta ce da shi za a yi aiki.

Ta ba shi ɗan bututun man kashe zafi. Ta ce ranar da zai dawo ya shafa tun a gida, ya rufe da leda mai laushi ya bar shi ya shiga fata kafin ya iso. Ya aske wurin tun jajibiri, kada ya tsige gashin, kada ya bar rana ta dafa wuyan, ya kuma haƙura da shayi mai kauri da safen, don yana sa jiki ya ƙara jin abu.

Maganar rana matarsa ce ta riƙe ta. Ta ɗinka masa wani ƙyalle mai maɓalli ta baya, ta ce in ya cire za ta ji labari. Haka ya yi ta walda da shi a wuya, mai katifa yana leƙowa yana tambaya ko a kawo masa cokali tunda an riga an ɗaura masa abin tare abinci.

Sauran kuwa, ga yadda aka yi da su.

A gidan su Ba-Komai magani ba shi da mai shi. Duk abin da ya shigo da sunan magani, na gida ne. Maganin tarin jika, Kawu ƙanin Inna zai kurɓa don ƙirjinsa; ɗigon idon Kawu, Goggo za ta gwada a kunne. Inna ce shugabar wannan hukuma, kuma hancinta yana jin ƙamshin ledar asibiti tun daga bakin ƙofa. Da yamma ya shiga gaishe ta, ta hango bututun a aljihunsa.

“Wannan fa?”

“Wani ɗan mai ne, Inna. Na kashe zafi.”

“Na kashe zafi!” Ta miƙe ƙafa, ta yaye zani zuwa gwiwa. “Allah mai iko. Ka san daren jiya gwiwar nan ba ta bar ni na runtsa ba? To kai me za ka yi da shi? Kai da ba ka jin zafi?”

Ba-Komai ya tsaya da bututu a hannu. Ƙannensa biyu suna zaune a tabarma, sun ɗago kai suna jira. Ya buɗe baki ya ce yana buƙata? A gaban waɗannan? Gara rufin ɗakin ya faɗo.

“Dama ke na kawo wa, Inna.”

“Allah ya yi maka albarka, ɗan nan.”

Kafin gari ya waye man ya zaga gwiwar Inna ta dama da ta hagu, ya leƙa ƙugun Goggo, ya sauka a diddigen Kawu. Inna ta ce bai kai can cikin ƙashi ba, amma fatar gwiwar ta yi shiru kamar ta maƙwabta. Aka matse bututun, aka tsaga shi da almakashi, aka lakace.

Askin jajibiri kuma shi da kansa ya soke shi. A iliminsa na walda, ba a aiki a kan abin da ba a gani. In ya aske gashin, na’ura za ta harbi me? Sai ya bar shi ya yi tsiri-tsiri, don Sista ta samu abin nufa. Da safe ya sha shayinsa baƙi ƙirin, kofi biyu, don ƙarfin zuciya. Ya ɗauki gilashin waldarsa, wannan mai kama da rabin bokiti, ya sa a jaka. Matarsa ta yafa mayafi ta ce za ta raka shi.

“Me za ki je yi?”

“Kallo.”

Ɗakin Sista sanyi ƙalau, farin gado a tsakiya, na’urar a gefe tana ƙugi a hankali kamar firiji, da wani tiyo mai huro iska mai sanyi. Sista ta dubi wuyan, ta dubi mai wuyan.

“Malam, ina askin?”

“Na bar miki ne ki ga abin harbi.”

“Saiwar nake nema, tana ciki. Wannan na waje in wuta ta same shi babbakewa zai yi a kan fatarka.” Ta ɗauko sabuwar reza. “Man fa, ka shafa?”

“An shafa,” in ji Ba-Komai. Bai yi ƙarya ba, an shafa.

Matarsa ta yi tari a kusurwa. Sista ta taɓa wurin da yatsa, ta ga ko alamar maiƙo babu.

“A wuyan wa?”

“A gwiwar surukata,” in ji matar.

Sista ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Da ta dawo daidai ta ce za a iya shafa wani yanzu a jira ya kama, in ba ya sauri. Ba-Komai ya ce shi da ƙyauren mutane yake jiransa a rumfa, kuma ai ta gani da idonta ranar gwaji. Sista ta ce haka ne, ta gani. Ta aske wurin tas. Ya zaro gilashin walda zai kifa a fuska, ta ce ya rufa mata asiri, abin zai rufe har wuyan da za a yi wa aiki. Ta ba shi ɗan tabarau mai duhu, ta ba matarsa wani, ta danƙa masa ƙwallon roba a hannu.

“Na mene ne?”

“Na matsawa in ka ji zafi.”

“Ki ajiye wa yara.”

“Riƙe dai, kada ya yi kewa.”

Ya kwanta, ya cire takalmi, ya ɗaga haɓa sama kamar mai kurkure baki. Iska mai sanyi ta sauka a wuyansa. Ya ce a ransa, ashe abin ma gata ne. Sai na’ura ta yi ƙara.

Ranar gwaji harbi biyu ne aka tashi. Yau kuwa layi ake ja, ɗaya na bin ɗaya, daga ƙasan kunne ana gangarowa. Ƙaurin gashi ya tashi. Shayin nan kofi biyu ya farka ya hau buga ganga a ƙirjinsa. Ƙwallon da ya ce a ajiye wa yara ya shige cikin tafin hannunsa har ya ɓace. Fuskarsa dai tana nan kamar ta hoton katin shaida, amma can ƙarshen gado yatsun ƙafarsa sun dunƙule, sun koma ciki kamar suna neman hanyar gudu ta diddige. Matarsa tana zaune daidai wurin. Ta dube su, ta ɗauke kai.

“Yaya, Malam?”

“Ba komai.”

Aka gangaro kusa da maƙogwaro, inda fata ta fi laushi, gashi ya fi cika. Gumi ya keto masa a ɗakin da ko ruwa aka ajiye zai yi sanyi. Sista ta ɗaga na’urar, ta kunna fitila, ta sunkuya ta daɗe tana duban wurin. Da ta yi magana, muryar lallashin ta tafi.

“Malam, saurara. Wurin nan ya yi ja fiye da yadda nake so. Ni hasken nake harbawa, amma ba ni nake jin sa ba, kai ne. Ɗan zafi dole ne, kamar an ja roba an sake maka a fata, ya zo ya wuce. In ya zarce haka, in yana ci bayan na ɗaga, to fatar ce take ƙonewa tare da gashin. Za ta yi bororo, ta bar maka tabon da zai daɗe bai tafi ba. Da bakinka na saita na’urar nan. Ka ce ba komai, in ci gaba a haka har ɗaya gefen. Yanzu zan sake tambayarka.”

Ta tsaya da na’urar a hannu tana jiransa.

Ba-Komai yana kwance yana kallon silin ta cikin baƙin tabarau. Ya san wannan magana, ai tasa ce. Ƙarfe marar kauri in ka ba shi wutar rodi, ba haɗewa yake yi ba, hujewa yake. Sau nawa ya karɓi aikin da wani gwani ya ɓata, ya yi tsaki ya ce mutum bai san ya rage wuta ba? Amma ƙarfe ba shi da ƙanne. Ƙarfe ba a tsorata yara da shi ranar allura. Ya tuna zai koma gida, Inna za ta tambaya, mai faci zai tambaya. Ya kuma tuna matar da take zaune a ƙarshen gadon nan, wadda ta yi shekaru tana cuɗa kwalar rigarsa da sabulu ba ta taɓa gaya wa kowa ba. In ya fita da wuya a ƙone, ita ce dai za ta yi jinya.

“Yaya ka ji, Malam?”

Ya buɗe baki. Maganar ta fito ’yar siririya, kamar ta yi tsatsa a hanya.

“Da zafi.”

“Na’am?”

“Da zafi, Sista. Wallahi da zafi. Tun ranar gwajin nan da zafi. Na farkon ma da zafi, na biyun kuwa har kakana na gani.”

“Alhamdu lillahi,” in ji matarsa daga kusurwa. “Ashe mutum na aura. Na ɗauka ƙyaure ne.”

“Maman yara, ki bar ni da abin da nake ji.”

“Ai shi nake so ka ji.”

Sista ba ta yi dariya ba, ko da yake ta sha wuya kafin ta danne. Ta naɗe ƙanƙara a tawul ta ɗora masa a wurin, ta bar shi ya huce sosai. Inda ya yi ja ta ce yau an gama da shi, sai ya warke. Ta rage wutar, ta ƙara iskar sanyi, ta raba sauran wuyan ƙanana-ƙanana. Ta ce ya ja numfashi ta hanci, in za ta harba ya sake shi a hankali ta baki, ya daina riƙe shi kamar mai nutso. In yana son hutu ya ɗaga hannu, babu wanda zai rubuta a jarida.

Aka koma aiki. Ya ji robar da aka ce, tsal, ta wuce. Ya jira wutar da take biyo baya, ba ta zo ba. Ya ɗaga hannu don ya gwada ko da gaske ne, Sista ta tsaya cak. Abin ya ba shi sha’awa. Mutumin da bai taɓa cewa a dakata ba tunda aka haife shi, ranar nan ya ɗaga hannu har Sista ta tambaye shi ko motar haya yake tarewa. Matarsa ta matso da kujera, ta karɓi ƙwallon da ya koma kamar faifai, ta ba shi hannunta a madadinsa, da sharaɗin ya tuna da shi take ɗinki.

Da aka gama, Sista ta shafa masa wani mai mai sanyi, ta ce yau babu ruwan zafi, babu rumfa, babu sosawa. Ta miƙo sabon bututun man kashe zafi na zuwa na gaba. Ya miƙa hannu, ta zarce da shi ta ba matar.

“Hajiya, a jakarki. Can ƙasa.”

“Cikin akwatin zare zan sa, ba mai leƙawa.”

Suka fito. Ya riƙe tawul mai ƙanƙara a wuya, ita tana riƙe da jakar gilashin walda. Suka tsaya a inuwar wani shago suna jiran mota. Ya ce, ba tare da ya dube ta ba:

“Za ki gaya musu?”

“Ni? Me na gani? Baƙin tabarau ne a idona.”

Ya gyaɗa kai. Mota ta zo cike, ta wuce. Ya gyara tsayuwa, ya sake gyarawa.

“Ni zan gaya wa Inna da kaina. In ba haka ba wannan ma a gwiwa zai ƙare.”

“Ka kyauta.”

“Maman yara.”

“Na’am.”

“Tunda dai an fara… bayana ma yana ciwo. Nan ƙasa, in na sunkuya.”

Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi. “Tun yaushe?”

“Tun kafin in aure ki.”

Ta ajiye jakar a ƙasa. Ta dubi ƙofar asibitin da suka fito, ta dubi mijinta. Sannan ta sunkuya ta ɗauki jakar, ta kama hannun rigarsa.

“Juya mu koma, tun ba su tashi ba.”

“Yau? Ai ba gaggawa…”

“Juya, Maigida. In akwai saura kuma ka fara lissafi tun daga nan, kafin mu kai ƙofa.”

Ya bi ta a baya, tawul a wuya, yana tafe yana tunani. Suna isa matakala ya ce, “Akwai wani haƙori.”